Ramukan Tanadi

Shekara talatin Mai Diga ya yi yana haƙa kabari a bayan gari, kuma kafin yaƙin basasa aikin bai taɓa fin ƙarfinsa ba. Mutum ne mara yawan magana, mai tsabtar aiki. Yakan ce ko gawa tana son a gyara mata makwanci.

Yaƙi ya koya masa abin da masu shiga tsakani ba su sani ba. Su dai suna can wata ƙasa cikin otal mai sanyi, suna ta gaisawa a gaban kyamara. Da zarar sun sa ranar tsagaita wuta, sai kowane ɓangare ya haukace, yana neman ƙwace ko da gada ɗaya ce kafin lokaci ya cika. Shi ya sa in rediyo ya ce an sa hannu, jama'a su hau murna, shi kuwa ya ɗauki diga ya haƙa ramuka na tanadi. Har tsiya ake masa, wai ba ya son albishir.

Wannan karon an sa Juma'a da tsakar rana. Ran Talata autarsa ta bugo waya daga sansanin gudun hijira.

"Baba, an sa hannu! Gobe zan shigo mota."

"Kul! Sa hannu daban, ajiye bindiga daban. Ki bari sai Lahadi."

"Haba Baba, kai kullum da fargaba. To, na ji."

Ya san wannan "na ji" ɗin, irin na marigayiya uwarta ne. Ya sake kira, layi ya ƙi shiga. Ran Laraba ya haƙa ramuka shida.

Alhamis da hantsi aka kawo gawa biyar, fasinjojin motar da aka buɗe wa wuta a kan gada. Tun daga ƙofar maƙabarta ya gane takalmin autarsa. Ya zaɓa mata ramin gindin bishiya, wanda ya fi gyarawa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Juma'a da tsakar rana bindigogi suka yi shiru, kuma abin takaici, wannan karon shirun ya ɗore. Mai gadin maƙabarta ya tarar da shi zaune a bakin ramin da ya rage.

"Baba, a cike wannan? Ai yaƙi ya tsaya."

"Bar shi," in ji Mai Diga. "Na gwada, daidai tsawona ne."