Wayar da Muka Bari a Manchester

Har yau ban manta da Asabar ɗin da muka kai abincin biki Birmingham muka tarar ba mu da wayar wuta ba. Hajiya ce ta ce in rubuta muku labarin, ku da kuka fara aiki da mu bana, wai ta gaji da maimaita shi.

Ga wanda bai sani ba, karaban ɗaki ne mai taya wanda mota ke ja. Turawa na kwana a ciki in sun tafi hutu. Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi ce, ta sayi tsoho ta mayar da shi kicin, muna kai abinci wajen biki da suna. Girki da gas muke yi, amma firiji da fitilu da butar lantarki da tukwanen ɗumama abinci duk wuta suke ci. Wutar kuwa hanya ɗaya take shiga: wata doguwar waya mai kauri, mai launin ruwan lemo, mai shuɗin kai a kowane gefe. Kai ɗaya a jikin karaban, ɗaya a inda aka ba mu wuta. Daga nan sai ta bi ta wani ɗan akwati a ƙarƙashin benci. Mai duba mana lantarki ya taɓa nuna wa Hajiya akwatin ina tsaye ina wanke-wanke, ya ce shi ke yanke wuta nan take in ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Mu uku ne a lokacin. Hajiya ce mai gida kuma ita ke girki. Malam Iliya direba ne, shi ke jan karaban ya daidaita shi. Ni ce ƙarama: yankan albasa, wanke-wanke, goge tebur, da naɗe waccan waya in an tashi. Ina zuwa aiki da 'yata Rahila, lokacin tana da shekara ɗaya da rabi, domin babanta yana tura marasa lafiya a wani asibiti a Oxford Road, Asabar ba ya gida. Hajiya ta sa aka yi mata 'yar ƙofar katako ta raba bencin gaba da wajen girki, nan take wasa, nan take barci.

A watan Yuni ne. Ranar Juma'a an wanke wayar saboda taɓo, aka rataye ta a garejin Hajiya a unguwar Fallowfield ta Manchester don ta bushe. Da safe muna shirin tashi, ina ɗaure Rahila a kujerarta ta mota, na ji Hajiya ta leƙo ta ce, "Iliya, ka ɗauko waya?"

Ya dafa aljihunsa ya ce, "Tana nan, Hajiya."

Shi ke nan muka kama hanya.

Bikin auren wasu 'yan Jos ne, za a ɗaura a coci a unguwar Handsworth ta Birmingham, a dawo cin abinci a wani zaure da ke kusa. Aka ba mu wuri a bayan zauren, a kan ciyawa. Tun daga hanya ake yayyafi. Malam Iliya ya daidaita karaban, Hajiya ta buɗe akwatin da waya ke zama, ba komai sai tsumma.

"Iliya, ina waya?"

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata.

Hajiya ta dube shi, ta dubi abin da ke hannunsa. "Me zan yi da wannan? Wayar wuta nake nufi!"

"To ai da kin ce wayar wuta, Hajiya."

"In tambaye ka wayar hannunka da sassafe? Ni matarka ce?"

"Ni ma na yi mamaki," in ji shi.

Da a wani wuri ne da na yi dariya. Amma ga kaji da nama a firiji tun safe ba wuta, ga jalof da wake-da-shinkafa da za a ɗumama wa cikin zaure guda. Komawa Manchester a dawo, sai an watse.

Mai kula da zauren ya ji hayaniya ya fito. Ya koma ya kawo mana wayoyi biyu farare, irin na cikin gida da ake jona talabijin da guga. Ɗaya ba ta kai ba, sai an haɗa su, kuma mahaɗar a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa za ta kwanta. Kansu ma ba ya shiga ramin da ake jona waya a jikin karaban. Malam Iliya ya ce ba matsala, a zura ta taga, a cire firiji da tukwane daga bango a jona su kai tsaye. Mahaɗar kuwa a ɗaure ta da leda.

Ni dai na tsaya ina kallon wayar. Ba ta kai rabin kaurin tamu ba. In ta bi ta taga, ba ta bi ta akwatin ƙarƙashin benci ba ke nan. Teburinmu ƙarfe ne, ƙasan ya jiƙe da takalmanmu, ga Rahila tana barci a kan benci, yarinyar da in ta farka ba abin da ba ta zura hannu ta taɓa.

Na ce, "Hajiya, don Allah kada a jona wannan."

"Saratu, tsoronki ya yi yawa. Ke ko GP, likitan unguwa, ya gaji da ganinki."

Malam Iliya ya ce, "Maman Rahila, a gida ba haka muke yi da janareta ba? Leda biyu, ka ɗora dutse, shi ke nan."

"A gida ma firijin maƙwabtanmu ya taɓa jefar da ni da damina, Malam. Hannuna ya kwana yana rawa."

"Ga ki nan da ranki."

"Ni babba ce lokacin."

Hajiya ta dubi fararen wayoyin. Ta dubi firiji, ta dubi sama. Sai ta ciro katin bankinta ta danƙa mini. "Je ki nemo irin tamu. Amma ki ji ni da kyau. Ana fitowa daga coci zan jona wannan, ko kin dawo ko ba ki dawo ba. Ba zan ba mutane abinci mai sanyi a ranar aurensu ba."

Na yi niyyar ɗaukar Rahila, Hajiya ta ce, "Cikin ruwan nan? Bar ta ta yi barcinta." Ban san Birmingham ba, ban san sunan abin da zan saya da Turanci ba. Abin da na iya yi shi ne na ɗauki hoton ramin da ke jikin karaban, na ɗauki hoton soket ɗin da ke bangon zauren ta waje, na fita da gudu.

Shago na farko a babban titi, irin wanda ke sayar da komai daga tukunya har tsintsiya. Na ce wa mai shagon ina son waya ta karaban. Ya ɗauko wani ƙunshi da almakashi ya ce mita nawa zai yanka mini. Na ce a'a, mai kai. Ya kawo mini irin farar nan da na baro. Na nuna masa hoto, ya girgiza kai. Wani tsoho ɗan Jamaika da ke zaɓen fenti ya leƙo hoton ya ce, "'Yata, hook-up kike nema. Faɗi in ji." Na faɗa. Ya sa na sake faɗa har ya gamsu. Ya fito da ni waje cikin yayyafi ya nuna mini inda zan tsaya in hau bas, ya ce in sauka in na ga manyan shagunan kayan gini, akwai masu sayar da kayan karaban a bayansu.

A cikin bas ina ta maimaita kalmar a raina kamar addu'a. Kowace tasha sai na ga kamar direban da gangan yake daɗewa. Na kira Hajiya in ji ko Rahila ta farka, ba ta ɗauka ba.

A shago na biyu wata Baturiya mai furfura ce a kanta. Na faɗi kalmar, ta ce in biyo ta. Sai ga wayoyin a rataye, duk ruwan lemo, duk masu shuɗin kai. Na ɗauka da na gani zan gane tamu, ashe iri-iri ne. Akwai gajere akwai dogo, kuma rubutun da ke jikin kwalin lambobi ne da ban san kansu ba.

Na roƙe ta ta bar ni in taɓa. Na ɗauki ta farko na fara naɗe ta a gwiwar hannu yadda nake yi kullum in an tashi aiki. Ta yi mini sauƙi, tana lanƙwasawa ba gardama. Na ajiye. Na ɗauki wata, tun naɗi na biyu na ji kafaɗata ta amsa. Na ce wannan.

Matar ta tambaye ni me muke kunnawa a ciki. Na lissafa mata. Ta ce to lallai mai kaurin, ta nuna mini inda aka rubuta biyu da ɗigo biyar, ta ce kaurin ƙarfen da ke ciki ke nan, ɗayar kuwa ɗaya da ɗigo biyar ce, da kayanmu za ta iya ɗaukar zafi. Ta ce in ɗauki mai tsawon mita ashirin da biyar ko da ta yi yawa, domin gara ta yi saura da a haɗa biyu a waje. Saurar kuma kada a bar ta a naɗe, a warware ta duka a shimfiɗa, in ba haka ba zafi take tarawa.

Ina cikin biya wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Bayan muryarta ina jin ganga da guɗa.

"Saratu, ina kike? An fito!"

"Na samu, Hajiya, ga ni nan. Rahila fa?"

"Ki zo kawai." Ta kashe.

Na kai bakin ƙofa da kayan, sai na tuna hoto na biyu. Zuciyata na cewa ki tafi, ki tafi. Na dawo na nuna wa matar soket ɗin zauren. Ta ce, "Da kin tafi da kin sake dawowa." Soket ɗin na cikin gida ne, shuɗin kai ba ya shiga. Ta kawo wata 'yar gajeriyar waya, gefe ɗaya kan gida, gefe ɗaya shuɗi. Na sa ta buɗe ta haɗa su a gabana na ga sun kama. Ta ja mini kunne, ta ce soket ɗin gida ba ya ɗaukar abin da na filin da masu karaban ke yada zango ke ɗauka, kada mu kunna buta da tukwane lokaci guda, kuma mahaɗar ta zauna inda ruwa ba ya dukanta.

Ban jira bas ba, tasi na tare. Duk hanya ina rungume da wayar kamar jariri, ba abin da nake gani sai hannun Rahila a kan teburin ƙarfe.

Da na zagayo bayan zauren, abin da na fara nema da ido taga ce. A rufe take. Fararen wayoyin na nan a naɗe a bakin ƙofar zaure. Karaban duhu. Hajiya na tsaye a waje ƙarƙashin lema, Rahila goye a bayanta da gyalenta mai tsada, ga uwar ango sanye da ashobinta, wato ankon biki, tana zazzaga mata faɗa, wai an ce mata Hajiya ba ta saɓa lokaci, ga baƙi sun zauna ba ko shinkafa. Hajiya sai cewa take yi "Ki yi haƙuri, Mama, yanzun nan." Malam Iliya kuwa yana ciki yana ɗumama jalof tukunya-tukunya a kan gas, gumi har wuya.

Ya hango ni ya yi tsalle ya fito. Tare muka warware wayar duka, muka bi da ita gefen bango inda ba a takawa. Ya fara sa kan karaban, sannan na zaure, mahaɗar a ƙarƙashin rumfar ƙofa. Fitila ta kama, firiji ya yi gurnani. Hajiya ta buɗe shi ta taɓa kajin, har yanzu da ƙanƙararsu. Ranar ni na tsaya a kan makunnai, in an kunna buta in kashe tukunya ɗaya, har aka gama rabo. Abinci ya makara, amma da zafinsa ya shiga zaure.

Sai da muka zauna cin namu na ce, "Hajiya, kin ce za ki jona."

"Na ɗauko ta ma," in ji ta. "Na buɗe taga. Sai 'yar nan taki ta farka ta kama ƙafar tebur ta miƙe tana yi mini dariya." Ta tura mini cinyar kaza. "Ci, kin rame. Kuma gyalena ke za ki wanke."

Uwar angon ba ta sake kiranmu aiki ba, kuma Hajiya ba ta taɓa yi mini gorin haka ba.

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a. Za a yi muku tsawa, za a ce tsoronku ya yi yawa, wanda ya faɗa kuma ba mugu ba ne, lokaci ne ya matse shi. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa da ladabi tun kafin a jona, sannan ku tashi ku nemo abin da ya dace, kada ku tsaya a faɗa kawai. Wanda ya yi muku tsawar ya ji ku, ko da bai nuna ba.