Tukunya Tsakanina da Surukina

Ni ba a san ni da shiru ba. Na zo Abuja a shekarar da gwamnati ta kwaso kujerunta daga Legas, da tukwane a kaina da yarinya a bayana, ina sayar wa leburori tuwo a gindin gine-ginen da yau ko bakin ƙofarsu ba za a bar ni in tsaya ba. Na yi faɗa da 'yan kwangila, na yi faɗa da masu rusau. Da suka rushe rumfata da ɗakina na koma Mararaba kamar kowa. A takarda Mararaba jihar Nasarawa ce. Amma kullum safiya garin yakan juye cikin motoci ya tafi aiki Abuja, da yamma ya dawo ya kwanta.

Karatu sai da furfura ta fara fito min na shiga ajin manya. Da na iya haɗa baƙi, matan gidan hayar da nake suka sa min suna Malama, rabi girmamawa rabi tsiya. Na karɓa duka.

Da korona ta zo aka sa dokar kulle, aka datse babban titi tsakaninmu da Abuja, sai karatun nawa ya samu aiki. Kowace safiya a bakin rijiya ana jan ruwa, wata za ta ce, "Malama, duba mana namu." In ciro waya in karanta musu yawan waɗanda suka kamu a kowace jiha. Abuja kullum tana can sama kusa da Legas. Tamu tana can ƙasa, wata rana ma ba ta fitowa. Sai a yi ta hamdala. Hajiya, matar mai gidan, takan gyara mayafi ta ce, "Na faɗa muku, cutar masu hawa jirgi ce. Ina ruwanta da mai cin garin kwaki?"

Yarinyar nan da na goyo zuwa Abuja ita ce 'yar farina, kuma ita kaɗai Allah ya bar min. A wannan fannin ni mutuniyar da ce. Tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, in ana zancenta nakan nemi abin yi. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka na taso na gani. Ta auri wani mai gyaran wuta, suna zaune a Kurudu, ɓangaren Abuja. Shekaru suka yi ta wucewa babu haihuwa. Tun shekarar bikinta na sayi ƙatuwar tukunyar dalma don wankan jego, na tura ta ƙarƙashin gado. Ko ranar suna a gidan aka zo aro ba na bayarwa, kuma ba na faɗin dalili.

Sai ga shi a tsakiyar kullen nan ta sauka lafiya, namiji. Haihuwar fari a gaban uwa ake jegonta, wannan ba sai an tambaya ba. Na share ɗaki, na tara itace, na sa aka saro min ganyen darbejiya, na tanadi gero da kanwa.

Da hantsi suka iso. Surukina ya ɗauko ta a babur ta hanyar bayan gari, tunda titi a rufe yake. Ta shigo tsakar gida a hankali tana dafa bango, jaririn a ƙirjinta cikin zani. Shi kuma ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Mama, mun same ku lafiya?" Na amsa ina kallon rijiya.

Kafin yarinyar ta kai ƙofar ɗakina Hajiya ta fito.

"Tsaya nan, 'yar nan. Barka da arziki, Allah ya raya. Amma daga ina?"

"Daga Kurudu, Hajiya."

"Kurudun Abuja?"

Matan gida suka fara leƙowa. Wata ta ja ɗanta ta mayar ɗaki. Wata ta rufe hanci da gefen mayafi, ita da jiya muka ci a kwano ɗaya.

Na ce, "Hajiya, mai jego ce. Ba ta da tari, ba ta da zazzaɓi."

"Malama, ke kike karanta mana kullum da bakinki. Ko ƙarya kike mana?"

"Ba ƙarya nake ba."

"To Abuja nawa, mu nawa? Bayi ɗaya muke shiga, guga ɗaya muke ja. Alhaji ga shi can ba shi da ƙarfi. In aka shigo mana da ita wa zai ɗauka?"

Daga can ɗakin ciki Alhajin nata yana ta tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ya kwana biyu yana yi. Taifot suka ce, ana karɓo masa magani a kemis.

Nan bakina ya buɗe yadda ya saba. Na nuna ɗakin da ke kusa da ƙofa, na direban da ke tuƙa wani oga a Abuja. Na ce, "Mai wannan ɗakin fa? Ba a nan yake kwana ba har ranar da aka rufe hanya? Ba da gugan nan yake alwala ba? Yanzu yana ina?" Kowa ya sani. A gidan ogansa ciwo ya kayar da shi, aka gwada shi, aka kai shi inda ake killace mutane.

Hajiya ko gezau. Ta ce, "A Abuja ya faɗi, a Abuja aka ƙirga shi. Nasu ne. Kin gan shi a cikin namu?"

Ban gan shi ba kuwa. Ina shirin in ce mata ai shi ya sa namu ba ya hawa, sai ta karkata kai, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi murmushi.

"Au, Malama! Yau kuma son 'yar fari ne ya motsa? A gaban suruki?"

Matan suka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, irin wadda ake yi ce in zanin babbar mace ya kwance a kasuwa.

Na taɓa riƙe wuyan rigar ɗan sanda. Na taɓa zama a gaban motar rusau. Amma wannan maganar ta same ni inda ba ni da kariya. Fuskata ta ɗau zafi, harshena ya yi nauyi. Abin da ya rage in faɗa guda ɗaya ne, in ce e, 'yata ce, ina sonta, a ɗakina za ta kwana. Ga mijinta durƙushe yana ji. Ga ita tana kallona, leɓenta ya bushe. Na sunkuyar da kai ina kallon guga.

Ita ce ta yanke abin. Ta juya ta ce wa mijinta, "Tashi mu koma." Ni kuma ta ce min, "Inna, sai an buɗe hanya." Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

Har surukina ya tayar da babur. Sai na ji muryata tana magana da bango, don ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Na ce, "A ce wa mai babur in ya sauke su ya dawo."

Na shiga ɗaki na jawo tukunyar. Ta fito tana ƙara a kan siminti, duk gidan ya ji. Na zuba geron da kanwar da zannuwana a ciki, na danna ganyen darbejiya a sama, na ɗaure bakin da tsumma. Hajiya ta ce, "In kin tafi fa kin zama 'yar Abuja, ba dawowa sai an buɗe." Na ce mata na riga ta zama, tun tana Kano ba ta san hanyar nan ba. Ga bakin ya dawo, lokacin da ba shi da amfani.

Da ya dawo sai wata matsalar ta taso, wadda ban yi tunaninta ba. Yaya surukuwa za ta hau bayan surukinta a babur? Shi ma ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce wa tankin mai, "Ko in nemo wani ɗan acaɓa?" Babu ɗan acaɓa, duk an kore su daga hanya. Na ɗaga tukunyar na dasa ta a bayansa, na hau bayan tukunyar, na rungume ta. Rabin mazaunina a kan ƙarfen kaya yake. Yaran unguwa suka biyo mu suna ihu.

Hanyar ta bi ta cikin gonakin doya, damina ta fara, ƙasa ta yi laushi. Na zaci mu kaɗai za mu bi ta. Ashe cike take. Magina da kayan aikinsu, mata da tiren ayaba, masu wankau, masu gadi, wasu na shiga Abuja wasu na fitowa, kowa a ƙafa, ana gogar kafaɗa a inda hanyar ta matse. Na yi ta zuba ido in ga inda Nasarawa ta ƙare Abuja ta fara. Babu allo, babu shinge. A bakin wani rafi da muka sauka don a tura babur, na tambayi wata tsohuwa Bagbagyiya, 'yar asalin yankin, da ke ɗauke da itace a kafaɗa, na ce, "Mama, nan Abuja ne ko Nasarawa?" Ta dube ni ta dubi tukunyar, ta ce, "Nan gonan mu ne."

A kan babur ɗin nan na gama fahimtar abin da nake karantawa a bakin rijiya. Wurin gwajin yana Abuja. Wanda ya faɗi a Abuja a gwada shi a rubuta. Wanda ya faɗi a Mararaba a ce maleriya ce ko taifot, a aika kemis. Mutanen kuwa su ne dai, ga su nan suna wuce ni a ƙafa, da safe na can da yamma na nan. Lambobin da nake karantawa daidai suke. Abin da aka gina a kansu a gidanmu ne ya kori mai jego daga ƙofar uwarta, ni kuma ina tsaye ina kallon guga.

Sai babur ya faɗa wani rami. Tukunyar ta zame gefe, na ji zan tafi ƙasa, hannuna ya kai wa kafaɗarsa cafka. Kafaɗar surukina. Na ji ƙashinta a tafina. Ya ce, "Sannu, Mama." Na ce, "Duba gabanka." Amma ban saki ba sai da muka fita daga ramukan. Haka muka shiga Kurudu.

Ɗakinsu ɗaya da ɗan banɗaki na langa-langa a baya. Ban zauna ba. Na jera duwatsu uku, na hura wuta, na ɗora tukunyar da ta yi shekara da shekaru tana jira. Da ruwan ya tafasa, ƙamshin darbejiya ya cika wurin, na ce mata ta fito.

Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta ba ni baya. Na tsoma ganyen na fyaɗa mata, ta gantsare ta ja iska ta haƙora. Na ga ƙashin bayanta, wanda rabona da ganinsa tun tana 'yar mitsitsiya ina mata wanka a bayan rumfar tuwo. Babu kowa a wurin sai ni da ita da tururi. Sai na kira sunanta. Ya fito a karkace, kamar harafin farko da na rubuta a ajin manya.

Ta waigo, ruwa na bin fuskarta. Ta ce, "Inna, wa kike kira?"

Na ce, "Juya min bayanki, ruwa na hucewa."