Ƙibar Aro daga Amurka

Ban taɓa zuwa Amurka ba, Yawunde ma sau ɗaya na taka. Amma na san ƙugun matan Amurka, don tun ina saurayi nake kwance dilar gwanjo a babbar kasuwar Garwa. Dila tana tasowa daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke ta a Ngaundare, babbar mota ta ƙaraso da ita. In ka datse ƙarfen da aka ɗaure ta da shi sai ta ja numfashi ta kumbura, wani wari ya taso, na magani da sabulu da ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ban yi boko ba. Abin da na sani, a wuyan kowace riga akwai ɗan ƙyalle, wani lokaci da alama kamar an gitta kara biyu. Da na fara sana'ar, sai ka juye dila guda ka ga mai alamar nan ɗaya ko biyu. Shekaru na tafiya alamar ta yi ta haihuwa. Ta zama biyu a jere, ta zama uku. Siket ɗin da a da nake ɗagawa da hannu ɗaya ya koma sai na ware hannu biyu, kamar mai shanya fata. A daidai lokacin aka yanke wa ma'aikata albashi, kuɗinmu sefa ta karye, mutanen Garwa suka shiga zubewa. Mai gyaran takalman da ke gefena ya wuni yana huda wa maza sabon rami a bel.

Da rana tsaka, sa'ad da zafi ke korar masu saye, nakan kwanta a kan dilar da ban kwance ba. A nan ne na fara ganin kamar duk kayan nan na mace ɗaya ne. Ina ganinta zaune bakin taga, a wani gida mai sanyi, hannunta cikin kwano, tana kallon ruwa yana sauka. Kowace shekara rigarta ta matse ta, ta cire ta aiko mini. Ba ta da fuska, sai wuya da damatsa. Wani lokaci nakan gan ta tana tasowa daga kogin Binuwai a hankali kamar dorina, ruwa yana gangara daga kafaɗunta, masunta suna janye kwale-kwale suna ba ta hanya. Ba sha'awa ba ce. Ina dai mamakin mijinta, irin tukunyar da ake ɗorawa a gidansa.

Masu sayen kayana yawanci matan garin Kayele ne, in an sayar da auduga. Babu wadda rigunan ke yi wa. Dole na haɗa kai da wani tela, Bafulatani siriri kamar sandar kiwonsa. Yakan farke riga, ya yanke gefe da gefe, ya mayar. Dogayen ƙyallayen da ya cire yana tara mini su a buhu. In buhun ya cika ya turo shi da ƙafa ya ce, “Kaɗo, ga kitsen Baturiyarka, kai gida a soya.” Ina kaiwa gida kuwa, don goge tukunya da tsumman yara.

A gida akwai matata. 'Yar mahauta ce daga Banyo, gidan da ake karyawa da romo, mata su cika ƙofa in za su fita. Ita kaɗai ta fito siririya, kuma bayan haihuwa ta uku ta ƙara tsotsewa, har awarwaro yana gangara mata zuwa gwiwar hannu. Lafiyarta lau. Tana ci, na gani da idona. Amma abincin gidana a shekarun nan tuwon dawa ne da kuka, nama sai ranar Juma'a, wata Juma'ar ma a tsallake.

Uwarta ta zo wani suna a Garwa ta gan ta. Suruka ba ta magana da ni kai tsaye, sai ta juya ga akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ta gaya mata abin da take so in ji. Ta gaya wa akuyar cewa ita mutum ta bayar, ba muciya ba. Ta ce in an kawo yara gaisuwa bayan Babbar Salla ta ga 'yarta a haka, to mai gwanjo ya koma shi kaɗai. Akuyar tana tuƙa, ni ina kallon ƙasa.

Salla ta matso. Na sayi abin da zan iya, nono, gyaɗa, ƙashin miya. Ko yatsa ba ta ƙara ba. Wata safiya na dawo ɗaukar wani abu na tarar ta zazzage buhun tela a tabarma tana zaɓar masu laushi. Na tambaye ta me take yi. Ba ta ɗago ba.

“Malam, su can ya yi musu yawa, sun aiko. Ni kuma aro zan yi in mayar.”

Ta ɗinke ƙyallayen baki da baki suka zama abu mai tsawo kamar rawani. Ranar tafiya ta naɗa a ƙugu da ƙirji da damatsa, shuɗi a kan ja, mai furanni a kan mai zane, sannan ta ɗaura zani ta sa riga mai dogon hannu, ta yafa gyale. Da ta fito daga ɗaki ƙaramin yaronmu ya ɓuya a bayana. Ni kuwa na tsaya ina kallo. Matar da nake gani a kan dila ce ta shigo tsakar gidana, sai dai yau tana da fuska, ƙaramar fuskar matata a can sama, tana zufa.

Na ce mata zafi zai kashe ta kafin Ngaundare. Ta ce in ɗauki jaka.

Hanyar Banyo ba hanya ba ce. Mota ta yi ta jefa mu sama tana cafewa. Yaron mota ya so ya ce mazaunin mutum biyu ta ci, wata tsohuwa ta tsawata masa, ta ce ya bar Hajiya ta huta, Allah ya ba ta miji mai kula. Matata ta sunkuyar da kai. Na ga kafaɗarta tana rawa, ban sani ba dariya take yi ko wani abu. Bayan Tibati iska ta yi sanyi, duwatsu suka fara, shanu farare suna tsaye cikin hazo kamar ba su taka ƙasa. Na yi gyangyaɗi na jingina da ita. Ban taɓa jin taushi irin wannan a jikinta ba, kuma warin rumfata take yi.

Abin da muka manta, gidan mahauta za mu. Mutanen da ke ɗora hannu a bayan sa sau ɗaya su gaya maka abin da zai fitar. Surukata ta fito da murna, ta ga 'yarta ta cika zaure, har ta fara guɗa. Sai ta rungume ta. Na ga hannunta ya tsaya a ƙugu, ya matsa, ya sake matsawa. Guɗar ta mutu. Ta ja ta ɗaki.

Na zauna da surukina a zaure, muna maganar tsadar shanu. Can sai ƙanwar matata ta fito ta ajiye ƙunshin ƙyallayen a gabana, an naɗe shi tsaf, da ɗumi da damshin zufa. Daga cikin gida na ji surukata tana gaya wa tukunya cewa motar Garwa da sassafe take tashi.

Na koma ni kaɗai da ƙunshin. Damina ta sauka. Ina buɗe rumfa, ina rufewa, ina cin abinci a bakin titi. Tela ya daina turo mini buhu da ƙafa, ya daina ce mini Kaɗo, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ƙunshin na rataye shi a ƙusa. In iska ta shigo yakan juya kaɗan, kamar mai waiwaye. Na kwanta a kan dila da rana, Baturiyar ta ƙi zuwa.

Daga baya na ji abin da aka yi a Banyo. Kunun gyaɗa da safe, fura da kindirmo da hantsi, ƙirjin sa da rana, man shanu a kan komai. An kawo saiwar magani daga wajen Fulanin Mbororo. Yaran suka yi kumatu, ƙanwar da ke ɗanɗana miya ta yi ƙiba, matata kuwa tana nan yadda take.

Ruwa ya ɗauke, wata la'asar ina ninke kaya na ɗago na gan ta a bakin rumfa, yara a bayanta, gwangwanin man shanu a ka, awarwaro a gwiwar hannu. Na tambaye ta me Inna ta ce.

“Ba ta ce komai ba. Ta dai gaya wa akuya wai kakata ma haka take.”

Na sauke mata gwangwanin. Ta zauna a kan dila, dilar ko lotsawa ba ta yi ba. Ta tambaye ni ina aronta, ta ce a mayar wa tela ya yi wa yara katifa.