Takardar da Baba ya rubuta mini

Shekara tara na yi a sashen kaɗi na wata masaƙa a Kakuri kafin tari ya kama ni. Likita ya ce ƙurar auduga ce ta cika mini ƙirji, in ina son in ga girman 'ya'yana, in nemi wani aikin. Wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Gonin Gora ya yarda ya ba ni riƙon sito, amma sai na kawo takardar shaida daga inda na fito.

Shugaban sashenmu dattijo ne Kirista, mutumin kudancin Kaduna, Baba muke ce masa. Na same shi bayan an tashi aikin safe, na miƙa masa notis na barin aiki nan da wata guda. Ya karanta.

Na ce, "Baba, alfarma nake nema. Kada ka ambaci ciwon nan a takardar. Ina tsoron Alhaji ya fasa."

Ya ce, "Malam, mutumin nan zai yarda da kai ne a kan maganata. Ba zan ɓoye masa ba."

Raina ya sosu ƙwarai. Duk da haka na cika watana, ban yi fashi ko sau ɗaya ba, na koya wa wanda zai gaje ni halin kowane inji. Ranar ƙarshe na bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya muka yafi juna. Baba ya ba ni takardar a buɗe. Ya yabi amanata, ga kuma maganar ƙirjin a layi na uku.

Haka na kai wa Alhaji ita. Ko rabi bai karanta ba ya ninke ta.

Ya ce, "Ai dattijon nan ya zo ranar Lahadi, daga coci, a kan keke. Ya ce in damƙa maka makulli ba fargaba, amma kada in kuskura in sa ka kusa da siminti."

Ɓangaren kwanon rufi da ƙusa aka ba ni, can nesa da buhunan. Kafin damina ta wuce tarin ya lafa.

Na yi ta cewa gobe zan je in gode masa. Ranar da na je masaƙar, maigadi ya ce an rage ma'aikata, Baba yana ciki, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Ba wanda ya san sunan ƙauyen.