Ranar da 'Yan Matanmu Suka Ci Kurket

A duk unguwarmu a Tunga, Baba ne kaɗai ya san kurket, wasan nan da ake jefo ƙwallo mutum ya tare da faffaɗar sanda. A wajen kakanmu ya gada, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Yayyena maza ƙwallon ƙafa suka bi, sai ni auta na rage masa, ya zaunar da ni gefen keken ɗinkinsa, rediyo na ta shuu.

Ya ba ni labarin gwanin Ostareliya da maki huɗu kacal suka rage masa ya kafa tarihi a wasansa na ƙarshe, aka fitar da shi bai ci ko ɗaya ba. In ya zo nan sai ya tsai da keken, kamar yau abin ya faru. Ya ba ni na baƙaƙen Karebiyan da suka bi Ingila har gida suka lallasa ta. Daga nan sai ya ce, "Auta, mu ma wata rana za mu kayar da ɗaya daga cikin manyan nan."

Maƙwabta suna yi masa dariya. Wai wane wasa ne za a kwana biyar ana yi, har da tashi shan shayi, a ƙarshe a ce babu wanda ya ci? Haushi nake ji ƙwarai, na sha yin cacar baki da sa'o'in babana a kan haka.

Tsufa ya zo masa da mantuwa. Almakashi ya fara ɓacewa, sai hanyar masallaci, sai sunayenmu. Kullum in na rufe shagona na atamfa a Kasuwar Kure sai na biya na ba shi abinci.

Wata safiya ina jera kaya na gani a waya, 'yan matan Najeriya sun doke New Zealand, ɗaya daga cikin manyan nan, a gasar kurket ta duniya ta matasa, da maki biyu. Ko rufe shagon ban tsaya yi ba, na bar wa maƙwabciyata na tari Keke Napep. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya ara masa hankalinsa ko na minti biyar ne, ya ji wannan.

Na same shi a zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, mun kayar da su. New Zealand. Kuma mata ne suka yi."

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Da maki nawa?"

"Biyu."

"Biyu," ya ce, yana murmushi. "An sha wuya ke nan."

Wallahi ya gane. Na kama hannunsa ina kuka don daɗi. Ya janye hannun a hankali, cikin ladabi, ya gyara zama.

"Baiwar Allah, kin kyauta. Don Allah in kin san inda autata take, ki kai mata labarin nan. Ita ce za ta fi kowa murna. Ta kwana biyu ba ta leƙo ni ba."

Na ce masa to, zan gaya mata.