Filin Yaya Garba ya zama shaguna

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, malamin wasanni a wata sakandaren jeka-ka-dawo a cikin garin Bauchi. Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya Garba bai iya wa'azi ba. Abin da ya iya shi ne fitowa da safe daga gidanmu na Ƙofar Dumi da ƙwallo a hannu, yana tafe yana buga ta da ƙasa. Yaran da suka gudu daga aji suka laɓe a lungu ko gindin mai shayi, ko kallonsu ba ya yi. Su ne ke biyo shi a baya, wai su ga inda ƙwallon za ta. Da ya shiga makaranta sai ya ɗora ta saman kabad, ba za ta sauko ba sai an tashi. Kuma ba shi ke zaɓen masu bugawa ba. Malamin lissafi da malamar Turanci ke zaɓa, wanda duk ba su gani a aji ba, sai dai ya yi kallo.

An zage shi a kan wannan. Akwai shekarar da ya zaunar da Yohanna, yaron da ya fi kowa cin raga, ranar wasan ƙarshe, don ya yi fashin aji. Aka lallasa su. Shugaban makaranta ya daina amsa gaisuwarsa, mu ma a gida muka ce taurin kansa ya yi yawa. Yau Yohanna ma'aikacin jinya ne, kuma duk sallah sai ya zo gaida matar malaminsa.

Ranar sadakar bakwai manya suka zo da manyan riguna, suka ce za a sa wa filin wasan makarantar sunansa. Filin da ya share da hannunsa, ya tsince kwalabe, ya kafa turaku. Bayan 'yan shekaru aka yanka shi aka jera shaguna, wai makaranta na neman abin shiga. Daidai inda raga take a da, gidan kallon ƙwallo ne yanzu, yana buɗe tun hantsi. Me Yaya Garba zai ce in ya gani? Ina jin ƙwallo kawai zai ɗauka ya fita neman wani fili. To ina filin yake? Har Inkil da ke bayan gari gini ya cinye.

Ya rasu ya bar Nasiru yana ɗan shekara biyar. Yanzu saurayi ne, a hannuna yake, kuma tun bara ya juya wa makaranta baya. Na yi faɗa, na yi lallashi, uwarsa ta yi kuka har ta gaji. Da safe zai sa yunifom ya fita, amma a wancan gidan kallon yake wuni.

Makon jiya na ce bari in gwada dabarar ubansa. Na ɗauko tsohuwar ƙwallonsa, mai faci ya ba ta iska, na je ƙofar gidan kallon ina buga ta da ƙasa, da furfurata, mutane na kallona kamar wanda ya taɓu. Sai ga Nasiru ya fito, abokansa na biye. Ya karɓa ya ɗaga ta da ƙafa, ta ƙi taɓa ƙasa. Wallahi ƙafar ubansa ce. Na ga fuskarsa ta washe, abin da na daɗe ban gani ba.

Sai ya ce, "Baffa, a ina za mu buga?"

Na duba gabas shaguna, na duba yamma babura.

Abin da ya rage na Yaya Garba ke nan: mutane irin su Yohanna, da dabarar da har yau ke fito da yaro daga inda ya ɓuya. Wurin da za a kai shi ne aka sayar. Nasiru ya ɗan jira amsata, sannan ya miƙo mini ƙwallon ubansa da hannu biyu, ya koma ciki.