Ba Turare Ba Ne

A tsibirin Islay, a shagon Ruaraidh, wanda ke sayen gangar giyar wiski ɗaya tal ya ɗura a kwalabe da kansa, Ishbel tana goge kofuna tana satar kallon wani baƙo. Dogo ne, kwat ta yi masa yawa, hannuwansa duk kanta irin ta masu jan igiyar jirgin ruwa. Cikin masu ɗanɗana giyar kowa na kurɓa yana zuba surutu, wai yana jin hayaƙi, wai gishirin teku. Shi kuwa ya ɗiga ruwa a kofinsa, ya cusa hanci, ya lumshe ido. A ranta ta ce ɗan iyayi ne, ko matarsa ce ta hana shi sha.

Sai ta ɗaga murya: "Bawan Allah, ba turare ba ne fa! Ko madara za a kawo maka?"

Aka kwashe da dariya. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ɗaga kofin ya shanye tas.

"Hayaƙin murhun mahaifiyata nake shaƙa, Iya," ya ce a hankali. "Baƙar ƙasar fadamar nan take ƙonawa, irin wadda ake busar da hatsin wiskin nan da hayaƙinta. Shekara goma sha ɗaya rabona da giya."

Ya turo mata kofin. "Ƙaro."

Ishbel ta tsaya da kwalba a hannu, tana kallon kofin da gatsenta ya sa ya shanye.